Sau nawa ya kamata a leƙa shagon dillalin kayan sauti?

Baƙon Bristol:
Salamu alaikum. Tambaya ce ga masu harkar manyan kayan sauti na gida, musamman mazauna Ingila. Sau nawa a shekara ya dace a je wurin dillali? Wasu kowace Asabar suna can, wasu sai su shekara biyar ba su taka ba. In kuma ba saye za a yi ba, zuwan bai zama takura ba?

Mai Allura:
Wa alaikumus salam. Kayanka ne za su sa maka rana. In kana da garmaho, allurarsa takan cinye tsakanin awa 500 zuwa 1000, gwargwadon yankan bakinta da tsabtar faifan. Mai saurare awa biyu kullum zai haura awa 700 a shekara, ka ga ke nan sau ɗaya a shekara sai an duba ta da madubi mai ƙara girma. Alamar ta gaji ita ce muryar mawaƙi ta riƙa tsagewa a waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifai. In ta kai haka ta fara cin faifan, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa.

A zuwa ɗaya a auna maka nauyin da allurar take sauka da shi kan faifai, kowane samfuri da nasa: Ortofon 2M Red giram 1.8 take so, Audio-Technica VM95E giram 2. Kada ka rage don tausayin faifai, domin allura marar nauyi rawa take yi cikin layi, ta fi yin illa. Amfilifaya mai bawul kuma, wato 'yan kwalaben gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti, manyan bawul irin EL34 da KT88 sukan yi awa 2000 ko sama kaɗan. Bibbiyu ake canza su, waɗanda aka auna suka dace da juna, sannan a sake saita wutar da ke ratsa su. Wanda amfilifayarsa taransisto ce zalla, ba bawul, ba abin da zai kai shi shago sai saye.

Kunne Biyu:
Malam ya gama maganar gyara. Wajen saye kuwa, zuwa uku ya isa. Na farko ka yi waya a tsayar maka da lokaci, ka faɗi girman ɗakinka da amfilifayar da kake da ita, ka tafi da waƙoƙi huɗu ko biyar da kunnenka ya haddace. Kada ka gwada fiye da lasifika uku a zama ɗaya, kunne na gajiya.

Babban tarkon shi ne ƙarfin sauti. Wadda ta fi ƙara ko da rabin desibel ne, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ita za ka ji ta fi daɗi. In amfilifaya biyu kake gwadawa, a saka sautin gwaji na 1 kHz, a ɗora mitar auna wuta a bakin wayar lasifika, a daidaita ƙarfinsu. Zuwa na biyu ka nemi aron kayan na ƙarshen mako, dillalai da yawa a Ingila suna bayarwa in ka ajiye kuɗi. Ɗakinsu an gyara shi don sauti, naka kuwa in tayil ne da bango tsirara, lasifikar da ta burge ka a can sai ta dame ka da amo. Na uku ka biya ko ka mayar.

Hajiyar Faifai:
Kan batun takura: abin da ke ɓata wa dillali rai shi ne ka cinye masa awa biyu, sannan ka je intanet ka saya da rahusa. In kallo kawai kake so, faɗa masa tun daga ƙofa, ko ka jira baje kolin kayan sauti na birnin Bristol da ake yi duk watan Fabrairu, ka ji kayan kamfanoni da dama a yini ɗaya.

In kuma gida Najeriya za ka kai kayan, na Ingila ya dace da wutarmu, ƙarfi 230V da bugu 50Hz. Na Amurka 120V ne da 60Hz. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar, amma garmahon da motarsa ke bin bugun wuta zai koma juyi 28 a minti maimakon 33, sai an canza masa fuli, wato ɗan gargaren da ke kan motar.