Saitin gungun bincike: a ZooKeeper ko kowace saba ta riƙe nata?

Oga Injiniya:
Salamu alaikum jama'a. Yau zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Duk wanda har yanzu yake bin sabobinsa ɗaya bayan ɗaya yana kwafa fayil ɗin saiti, wallahi shi ya sayo wa kansa wahala. Tun Solr 4.0 a 2012 (Solr manhajar bincike ce) da SolrCloud, tsarin haɗa sabobi da yawa su zama gungu ɗaya, ya fito aka gama wannan magana, ka zuba fayilolin saiti irin su solrconfig.xml da schema (tsarin bayanan) da synonyms.txt a ZooKeeper, wato ma'ajiyar tsakiya da duk sabobin ke karanta saiti daga ciki, ka yi upconfig don loda su, ka yi RELOAD don a sake karanta su, kowace saba ta ɗauko daga nan. Shi kenan.

Autan Gida:
Wa alaikumussalam Oga. To idan ZooKeeper ɗin ya kwanta fa? Ai ka tara ƙwanka duka a kwando ɗaya kenan

Oga Injiniya:
Ƙanena wa ya ce maka guda ɗaya ake sawa? Uku ake sawa, ɗaya ya mutu biyu su ci gaba tunda su ne mafi rinjaye, in ka sa biyar ka jure mutuwar biyu. Kuma ko duka suka faɗi Solr ba ya daina amsa bincike, shigar da sabon abu ne kawai yake tsayawa.

Hajiyar Lissafi:
"Kawai" fa ka ce Oga. Shafin labarai da ya kasa shigar da labarin yau ai ya mutu, sai dai ba a yi masa sallah ba. Ni Elasticsearch, wata manhajar bincike irin Solr, nake amfani da shi, babu ZooKeeper, babu ƙarin na'urori uku da zan riƙa yi wa gadi da biyan kuɗinsu da dala kowane wata, kowace saba da elasticsearch.yml ɗinta, Ansible, manhajar tura saiti zuwa sabobi, na tura musu daga git inda nake adana fayilolin, ban taɓa rasa barci a kai ba. Kai ko Kafka, manhajar isar da saƙonni tsakanin manhajoji, da ya daɗe jingine da ZooKeeper ya sallame shi gaba ɗaya a 4.0, shekarar 2025.

Oga Injiniya:
Hajiya Allah ya ja zamaninki amma kin ba ni makami da hannunki. Kafka ai bai koma kowa ya riƙe nasa ba, KRaft ya kawo, ma'ajiyar tsakiya ce dai aka shigo da ita cikin gida. Elasticsearch ɗinki ma haka, mappings ɗinki, wato schema ɗin Elasticsearch, a ina suke? Ba a yml suke ba, suna cikin bayanan gungu da shugabar sabobi take rarraba wa sauran. Tsakiya ce, suna kawai aka canza mata.

Mai Gadin Dare:
Ku bari in ba ku labari don ni abin ya ci ni. Wani wuri da na yi aiki muna da rumbun rubuce-rubucen Hausa, saba uku. Kun san mutanenmu ba sa buga ƙ da ɗ da ɓ a waya, mutum zai rubuta kasa yana nufin ƙasa, to sai muka yi fayil da ke mayar da masu ƙugiya zuwa k da d da b. An gyara fayil ɗin ranar da wuta ta ɗauke saba ɗaya tana kashe, Ansible ya tura wa biyu, ya yi jan rubutu a kan ta ukun, wanda ya tura bai duba ba ya tafi masallaci. Da ta dawo ta tashi lafiya lau da tsohon fayil, babu kuskure ko ɗaya a log. Sai mutum ya nemi "kasar Hausa" ya ga sakamako cike, ya sake dannawa ya ga rabi, gwargwadon kwafin bayanan da ya amsa masa, tunda kowace saba da nata kwafin. Mun fi sati muna zargin intanet.

Hajiyar Lissafi:
Wannan laifin mai turawa ne ba na tsari ba

Mai Gadin Dare:
Anti tsarin da ke jiran mutum kada ya yi mantuwa ai shi ne mai laifin. Kuma abin haushin, gyara fayil bai wadatar ba, duk abin da aka shigar a kwanakin nan kowane kwafi ya yanka kalmominsa da nasa fayil ɗin, dole muka sake shigar da komai daga farko. Su kansu Elastic, kamfanin Elasticsearch, ai sun gani, shi ya sa a 8.10 suka kawo hanyar ajiye kalmomi masu ma'ana ɗaya a cikin gungun, ba sai ka bi kowace saba da fayil ba.

Autan Gida:
To Yaya ni yanzu na rikice, kenan komai a tura tsakiya?

Hajiyar Lissafi:
A'a fa, kar Oga ya ruɗe ka. Tambaye shi solr.in.sh ɗinsa a ina yake. Yawan RAM da za a ba Java, sunan saba, wurin faifai, har adireshin ZooKeeper ɗin kansa, duk a kan sabar suke, don ba za ka tambayi ZooKeeper inda ZooKeeper yake ba. Saba mai 16GB da mai 64GB ba za su sa riga ɗaya ba. Sannan ZooKeeper na da iyakar kusan 1MB ga kowane fayil, ranar da jerin kalmominka ya yi ƙiba sai ka je ka ɗaga jute.maxbuffer, saitin wannan iyakar, a kowane ZooKeeper da kowane Solr, ɗaya bayan ɗaya, ka ristat. Ga kwafe-kwafen da ake gudu ya dawo ta taga.

Oga Injiniya:
Na karɓi ta jute.maxbuffer, ta taɓa ƙona ni. Amma sau nawa ake taɓa ta? Sau ɗaya. Schema kuwa kullum hannu na kai.

Hajiyar Lissafi:
Kuma kuskure ɗaya a upconfig ya shiga duk gungun lokaci guda, ni kuwa sai in gwada a saba ɗaya tukuna

Oga Injiniya:
Ki loda shi da sabon suna ki gwada a ƙaramin collection, wato rukunin bayanai guda a Solr, wa ya hana ki?

Autan Gida:
Ni dai saba biyu gare ni kuma kuɗin ta uku bai samu ba, ZooKeeper ɗin da ke zuwa cikin Solr a port 9983 zai yi min?

Mai Gadin Dare:
Don gwaji kawai aka yi shi Auta, sabar da yake ciki ta mutu ya bi ta. Kuma ZooKeeper biyu bai fi ɗaya ba, ɗaya ya faɗi babu rinjaye. Rubutun naka guda nawa ne ma tukuna? In bai kai ya cika saba ɗaya ba ka bar gungun nan ka huta.