Sikana ba ta nuna kod ba amma ta ce motar ba ta shirya ba, in biya ko in dakata?

Ɗan Wunti:
Salam 'yan uwa. Akwai wata Corolla 2010 'yar Kwatano da nake ciniki a nan Bauchi, bodi tsaf, wutar cek injin ba ta kamawa, to jiya na je da rewayana ya jona sikana (na'urar karanta kwamfutar mota) ƙasan sitiyari, babu kod na matsala ko ɗaya amma wajen gwajin katalis (matatar hayaƙi da ke cikin salansa) da EVAP (tsarin tare tururin fetur) da oksijin sensa duk ta nuna ba su kammala ba. Dila ya ce wai sikanar ce 'yar Caina. Rewaya kuma ya ce kar in yi gaggawa. Don Allah me ke nan?

Rewayan Yelwa:
Malam rewayanka ya san aikinsa. Kwamfutar motar kullum tana gwada kayan hayaƙi da kanta in ana tafiya, in aka goge kod da sikana ko aka cire kan batir sai sakamakon ya goge gaba ɗaya, wutar ta mutu, gwajin ya koma farko. Zai iya yiwuwa batir ne ya mutu a hanya aka canza, zai kuma iya yiwuwa wani abu ake ɓoyewa. Ka ce a ba ka ita da sassafe injin a sanyaye, mai tsakanin kwata da kwata uku na tanki, ka barta a sulo minti kaɗan sannan ka hau hanyar Alkaleri ka riƙe gudun kilomita 80 zuwa 90 kamar minti goma sha biyar, ka riƙa ɗaga ƙafa tana rage gudu da kanta, ka dawo ka ɗan zaga cikin gari. EVAP takan ɗau kwanaki, kar ta dame ka, katalis ɗin za ka sa wa ido.

Baban Ilham:
Hmm abin da ya same ni ke nan. Kwana uku da biyan kuɗi wuta ta kama, P0420 wato kod ɗin katalis, aka kwance salansa ashe an fashe indomin, wato cikin katalis ɗin, an kwashe saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Har yau da warin hayaƙi nake yawo, ga shi wanda ya sayar min ya daina ɗaga wayata.

Injiniya Gombawa:
A Amurka tun 1996 aka wajabta OBD2, wato wannan tsarin da ake jona sikana,, kuma a jihohin da ake gwajin hayaƙi in ka goge kod ka je sai su ce ka koma ka tuƙa tukuna. Mota daga 2001 zuwa sama yawanci gwaji ɗaya kawai da bai kammala ba ake yafewa. Taka uku ne.

Ɗan Wunti:
Na gode, Allah ya saka. Na kira dilan na ce zan zuba mai da kuɗina mu je Alkaleri tare da rewaya, ya ce wai oga ya tafi Jos da makullin.

Rewayan Yelwa:
To ka jira oga ya dawo. Kafin nan kar ka ba da ko kafin alƙalami.