Ganyen gora a matsayin silej: wa ya taɓa gwadawa?

Mai tumaki: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Akwai gora a gefen gonata, ganyenta sai zuba yake a banza, ga shi duk bazara sai tumakina sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Na ji ana daddatsa ganyen a danne a rufe ya yi tsami, a ajiye wa rani, wato abin da ake kira silej. Don Allah wanda ya yi da hannunsa ya ba mu labari.

Mai awaki: Wa alaikumus salam. Ina yi, kuma yana yiwuwa, amma ba shi kaɗai ba. Ganyen gora ba shi da zaƙi, alhali zaƙin nan shi ƙwayoyin halittar da ke kawo tsami suke ci. In babu shi, ruɓewa zai yi. Ni ina yayyafa masa baƙin ruwan rake na masana'antar sukari, kamar kilo 3 zuwa 5 a kan kilo 100 na ganye, bayan na tsinka shi da ruwa kaɗan. Wanda bai samu ba, sai ya zuba dusar masara. Ka datsa ƙanana, kamar gaɓar yatsa, ka bar shi ya sha iska har ya yi yaushi. Ka dunƙula a tafin hannu: in ruwa ya tsattsafo, da saura, in ya kakkarye, ya wuce. Sai ka zuba a ganga kaɗan-kaɗan kana tattakawa. Ganyen nan taurin kai gare shi, kana ɗaga ƙafa yana tasowa, shi ya sa nake cuɗa shi da ɗanyen karan masara ko ciyawar giwa don ya kwanta. Ka rufe da leda, ka ɗaure tamau, kada ka leƙa kafin mako 3. In ya kai 6 ya fi.

Mai shanun madara: Malam, gaskiya ka faɗa, sai dai kada a yi wa mai tambaya romon baka. Sinadarin gina jikin da ke cikinsa ya fi na busasshiyar ciyawar rani nesa ba kusa ba, amma yana da wuyar narkewa a tumbi, saboda akwai sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi, a jikinsa, kuma tsohon ganye ya fi yawansa. Shanuna sun riƙe jikinsu, nono dai bai ƙaru ba sai da na haɗa da harawa da dusa. Abincin tsare rama ne, ba na ƙiba ba.

Mai tumaki: Hajiya, na gode. To, yaushe ya fi dacewa a yanka?

Mai shanun madara: Ƙarshen damina, yana kore shar. A wuraren da ruwa ya yi ƙaranci gora kan kaɗe ganyenta da rani, in ka jira sai ka tarar da sanda zalla.

Tsohon makiyayi: Yara, ku kula da sabon tofon da ke fasowa daga ƙasa. Akwai dafin sayanayid a cikinsa, irin na ɗanyen rogo, ni ba na bari ya shiga ganga. Kuma doki ba mai tuƙa ba ne: a Brazil an samu rahoton dawakin da suka yi ta cin ganyen wata gora har suka koma tafiya suna tangaɗi. Ku bar wa shanu da awaki da tumaki abinsu.

Mai awaki: Haka ne, Baba. Ranar buɗewa kuma hanci ne alƙali. Mai kyau yana ƙamshin tsami, launinsa kore mai ratsin ɗorawa. In ka ga fumfuna a sama, kwashe ka zubar. Awakina ba su yi wata-wata ba, amma tumaki sai da suka yi ta shinshinawa suna ja da baya, don haka fara musu da ɗan kaɗan cikin abincin da suka saba. Kuma duk sanda ka ɗiba, mayar da ledar nan take.