Sha Biyar ga Janairu: Musayar Baituka Daga Jos

Malam Garba, Gangare:
Salamu alaikum. Sanyin asuba ya hana ni komawa barci, na duba kalanda na ga yau 15 ga Janairu. Ina ɗan shekara tara lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a irin wannan rana, a 1966. Ga abin da ya zo min, mai iko ya amsa, amma a riƙe amsa-amon "na".

Hunturu ya sauka kan duwatsun Jos,
Hazo ya rufe gari, ba a ganin rana.
Na zauna bakin murhu ina jin ɗumi,
Sai 1966 ta faɗo a raina.
Asabar ce, azumi ya yi nisa,
Aka kai wa Gamji hari a Kaduna.
Manjo Nzeogwu da yaransa suka zo da dare,
Suka harbe Ahmadu Bello Sardauna.
Hafsatu matarsa ba ta bar shi ba,
Tare suka tafi, Allah ya ba su Aljanna.

Binta, Unguwar Rogo:
Amin, Baba Malam. Na karɓa, don ta wajen uwa ni 'yar Bauchi ce.

A daren nan dai, can a birnin Ikko,
Aka fitar da Balewa daga ɗakin kwana.
Malamin makaranta, mai muryar zinariya,
Firaminista, mai taushin magana.
Kwana da kwanaki ana ta cigiya,
Sai hanyar Abekuta ta ba da labari mai ƙuna.
Kakata ta ce ran da aka kai shi gida,
Ba gidan da aka ɗora tukunya da rana.
Kabarinsa na Bauchi har yau ana zuwa,
Bara da hutu na kai 'ya'yana.

Auwal, Farin Gada:
Baba, Anti Binta, ku gafarce ni, yaro zai tsoma baki. An fi tuna manyan biyu, alhali ba su kaɗai ba ne.

A ƙara da sojojin da aka kashe,
Don tarihi ya riƙe kowane suna.
Maimalari, Kur Muhammad da Largema,
Da Yakubu Pam, ɗan Birom, ɗan garina.
Kudu ma ta yi rashi, mu faɗi gaskiya,
Firimiya Akintola a Badun, Birgediya Ademulegun a Kaduna.

Malam Garba:
Madalla ɗana, ka cika abin da na rage. Tun da ka buɗe ƙofar, bari in shiga inda bakina ya fi nauyi. Bayan juyin mulki na biyu, na watan Yulin 1966, kashe-kashen Ibo sun auku a garuruwan Arewa, har nan Jos, kuma da idona na ga gudun.

Akwai wani tela maƙwabcinmu, Ibo,
Shi ke ɗinka min rigar Sallah da wandona.
Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano,
Kullum da yamma suna dara da babana.
Ran da gari ya rikice muka ɓoye shi,
Kwana uku a ɗakin hatsi na innana.
Da asuba muka raka shi tashar jirgi,
Ya riƙe hannuna, ya kasa magana.
Wanda ya harbi Gamji soja ne da bindiga,
Shi almakashi gare shi, me ya yi mana?

Malama Saratu, Rukuba Road:
Baba, kun sa ni hawaye a gaban ɗalibai. Mahaifina ya yi yaƙin basasa, ya dawo da ƙafa ɗaya, bai taɓa ba mu labarin fagen daga ba sai na ranar da aka gama.

Yuli 1967 wuta ta kama,
Wata talatin ana binne matasa kamar shuka a gona.
Yunwa ta cinye yara a Biyafara,
Uwa a nan da uwa a can, kuka ɗaya suke da ƙuna.
Sai 15 ga Janairu ta sake zagayowa,
1970, aka ce a ajiye makamai a zauna.
Effiong na Biyafara ya miƙa wuya a barikin Dodan,
Gowon ɗan Filato ya rungume shi da aminci da ƙauna.
Yau a Abuja za a ajiye furannin tuna sojoji,
A saki tattabaru su tashi sama da rana.
Ni dai roƙona a duba matan sojojin da suka rasu,
Da marayun da ke jiran haƙƙin ubansu kamar ƙannena.

Auwal:
Baba Malam, telan fa? Ya dawo bayan yaƙin?

Malam Garba:
Wasu sun dawo, sun buɗe shagunansu,
Mu ma muka yi ta zuwa tasha da yayana.
Ya bar mana makullin shago amana,
Ya ce in ƙura ta lafa zai zo wajen babana.
Baba ya rasu yana tambayar labarinsa,
Makullin na nan har yau a akwatina.