Tankin unguwa na ƙarewa kafin la'asar, ina matsalar take?

Sakataren kwamitin ruwa: Jama'a, burtsatse ce mai sola, tanki lita 10,000, mutum kusan 400 ke ɗiba. A da ruwa kan kai dare, yanzu kafin la'asar sai iska. Wasu sun ce a haƙa sabuwa.

Mai gyaran famfo: Sakatare, kada a kira mai haƙa tukuna, a fara da awo. Da tsakar rana a tara jarka mai lita 20 a bakin bututun da ke zuba a tanki, a duba agogo. In ta cika a daƙiƙa 40, lita 1,800 ke nan a awa, awa shida na rana mai ƙarfi 10,800. Mutum 400 a kan lita 20 kowanne, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na buƙatar yau da kullum mafi ƙaranci, 8,000 ne. In lissafin ya fito haka, rijiya ba ta da laifi.

Hajiya mai kula da famfuna: Gaskiyarka, Malam. Sai gwajin dare. A rufe duk famfuna, a sa alama daidai bakin ruwa a tanki, da asuba a leƙa. In ya sauka, akwai yoyo. A bi layin bututu, inda ciyawa ta yi kore shar alhali kewaye a bushe, nan za a tona. Famfo ɗaya mai ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a kwana, maganinsa sauya robar ciki kawai.

Mai gyaran famfo: In ba a ga danshi ba, a duba bawul mai hana ruwa komawa. Yashi kan maƙale masa, sai ruwa ya sulale ya koma rijiya da dare, musamman inda bututu ya shiga tanki ta ƙasa.

Mai haɗa sola: In kuwa jarkar ta haura minti guda, a fara wanke farantan sola da sassafe kafin su yi zafi, ƙura na rage musu ƙarfi sosai. Ruwa mai fitowa da tsartuwar iska alama ce injin da ke turo ruwan ya fi ƙarfin rijiyar. A rage gudunsa, a sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya janye, in ba haka ba ƙonewa zai yi. Kada kuma a zura shi har ƙasa don neman ruwa, yashi zai zuƙo ya cinye shi.