A ɗaure uban da ya hana ɗansa karatu? Muhawara a zauren tsofaffin ɗalibai

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Tunda ana ta maganar a gyara dokar ilimi kyauta kuma dole ta jihar Kano, wadda aka yi zamanin Ganduje, ni ra'ayina ɗaya ne: majalisa ta fara da hukunci. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ta tarayya, ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari, na uku 5,000 ko wata biyu. Dubu biyu yau ko kwanon shinkafa ba za ta saya ba. A ɗaga tarar, a ɗaure mutum biyu uku, ku ga yadda titi zai watse.

Malama Binta: Wa alaikumus salam Malam. In an kwaso su daga titin, ina za a zuba su? Ajin da nake koyarwa yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune, in hadari ya taso sai mu tashe su saboda rufin yana yoyo. Alli ma wani lokacin daga aljihuna nake saya. Ka zo ka ɗauki darasi ɗaya gobe, sai mu dawo maganar ɗauri.

Malam Sani: Yaya Binta, matsalar aji daban, laifin uba daban.

Malama Binta: Ai igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ita dokar da ka ambata ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC mai kula da ilimin matakin farko, amma jiha ba za ta karɓi kasonta ba sai ta ajiye nata daidai da shi. Jihohi nawa ne suka bar kuɗin nan yana kwance shekara da shekaru? Ban taɓa jin an ci gwamna tara ba. In za a yi gyara, a rubuta cewa dole gwamnati ta ajiye kasonta duk shekara, a ƙayyade yawan yara a aji, a hana ɗaukar malamin da bai da takardar shaidar malanta ta NCE. Wanda ya fi ƙarfi shi doka za ta fara kamawa.

Alhaji Habu: Ni tambayata ɗaya. Yaron da ke tsangaya, ya haddace izu talatin, shi ma "ba ya zuwa makaranta" ne a idon wannan doka? Don in haka ne, alarammomi za ku kwasa ku kai gidan yari, kuma kun san abin da zai biyo baya.

Usman: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya raina allo, duk da shi muka fara. Amma yaro ɗan shekara bakwai da kwano a hannu ƙarfe goma na dare, wannan ba karatu ba ne.

Alhaji Habu: Gaskiya ne ɗana, ban musa ba. Sai dai an gwada ƙarfi. A 2020, lokacin korona, gwamnonin arewa suka loda almajirai a motoci aka mayar da su jihohinsu. Wata nawa aka yi suka dawo? Makarantun tsangaya na zamani da aka gina lokacin Jonathan, je ka duba yadda da yawansu suka koma. Yanzu kuma tun 2023 akwai hukumar almajirai ta tarayya. Takarda ba ta yi mana kaɗan ba.

Anti Rabi: Ku duk maza kuke ta lissafi. Yarinyar da ke tallan gyaɗa da safe, da cinikinta ake ɗora tukunya. Ka ɗaure uban, wa zai ciyar da sauran? Ku tuna Kaduna a 2016 da aka fara ba yara abinci a firamare: ba ɗan sanda, ba alƙali, makarantu suka cika maƙil.

Usman: Suka cika, amma wasu da sun ci sai su sulale ta bayan aji 😂

Anti Rabi: To ai ka ga inda gizo ke saƙar. Abinci ya kawo su, babu abin da zai zaunar da su.

Malam Sani: Na ji, na yarda a ɗora wa gwamnati nata. Amma akwai uban da yake da hali, makaranta tana bayan gidansa, kawai ya ƙi. Shi fa? A bar shi haka?

Malama Binta: Shi a fara da mai unguwa da dagaci, su kira shi su yi masa magana, kwamitin iyaye na makarantar ya biyo baya. In ya ƙi, kotu. Wannan ban ja ba. Abin da na ƙi shi ne a auna shi da mudu ɗaya da wanda bai da kuɗin yunifom.

Alhaji Habu: Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini maganar mai izu talatin.

Malam Sani: An kira Magariba Alhaji. In mun idar zan dawo kanta, don nan ma ina da ja.