Shin kalmar Turanci "shirk" daga shirka ta samo asali?

Alaramma: Assalamu alaikum. Na ci karo da "shirk", kalmar da Turawa ke amfani da ita idan mutum ya zame wa aikin da ya rataya a wuyansa. Ina ganin daga Larabci suka ɗauko ta, domin harufan iri ɗaya ne, kuma mai shirka ya yi watsi da haƙƙin da ya fi kowane haƙƙi girma.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kama da wane ba wane ba ne. A ƙarni na 17 kalmar ta fara bayyana a rubuce, kuma a lokacin ɗan ci-ma-zaune mai rayuwa da damfara ake nufi da ita, shi ya sa masu ƙamus suka fi karkata ga cewa 'yar'uwar "Schurke" ce ta Jamusanci, wato tantiri. Ma'anar gudun aiki sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta kafu, har aka riƙa jifan mazan da suka ƙi shiga soja a Birtaniya da "shirker" lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Lauya: Malam, ai masu ƙamus ɗin ma "wataƙila" suka ce. Turancin da ya ari "sugar" da "cotton" da "algebra" daga Larabci, me zai hana shi aron wannan?

Malamin Turanci: Barista, waɗancan sun bar sawu. "Sukkar" ta bi ta Italiyanci da Faransanci kafin ta isa Ingila, kowane zango da shaidarsa a takarda, alhali ba a ga ko ƙurar "shirk" a wannan hanyar ba. Shakkar da ake yi kan Jamusanci ba ta zama hujjar Larabci.

Malamar Larabci: Ni ma'anar ce ma ta hana ni yarda. Tushen shin, ra, kaf tarayya yake nufi, daga gare shi aka sami "sharika", wato kamfani. Mushriki ƙara abin bauta yake yi, sau da yawa ma da ƙwazo, shi kuwa wancan sulalewa yake yi ya bar wa wasu aikin.

Alaramma: Malama, maganarki ta fi kama hankalina, amma Jamusancin nan ma ban karɓe shi ba sai Malam ya kawo mana jimlar da kalmar ta fara fitowa a cikinta.